Kafin ka zuba kuɗinka a ƙasa: jagorar sayen fili ko gida don neman riba

Wayar takan shigo ne bayan la'asar. Dillali ne, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai ba da sirri: "Alhaji, wani fili ne ya faɗo a bakin titi. Mai shi matsuwa ce ta kama shi. Akwai wanda ya taya, amma na ce a dakata maka zuwa gobe da azahar." Duk wanda aka taɓa jin ƙanshin kuɗi a jikinsa a Kano ko Kaduna ya san wannan wayar. Wani lokacin ma gaskiya dillalin yake faɗa, domin matsuwa tana sa mutum ya karyar da kadararsa. Sai dai yawancin asarar da na gani da idona a harkar ƙasa daga wannan "zuwa gobe da azahar" ɗin ta faro. Binciken da zai tsare maka miliyoyinka yana cin mako biyu zuwa wata guda, kuma mai sayarwar da ba zai iya jiran binciken ba, ka bar shi da kayansa. Abin da ke tafe shi ne yadda ake cika waɗannan makonnin da aiki, tun daga ranar da tunanin ya zo maka har bayan an miƙa maka takardu.

Mataki na farko: me kake nema da kuɗin nan?

Masu sayen ƙasa iri uku ne, kuma kadarar da ta dace da ɗaya tana iya zame wa ɗaya kaya. Akwai mai ajiya, wanda yake so ya ɓoye kuɗinsa daga faɗuwar naira, ya jira gari ya iso wurin. Akwai mai neman haya, wanda yake so wani abu ya riƙa shigo masa duk shekara. Akwai mai gina ya sayar, wanda ɗan kasuwa ne kawai, siminti da rodi su ne hajarsa. Ka zaɓi ɗaya kafin ka fara yawon ganin wurare, in ba haka ba dillalai za su zaɓar maka.

Sannan ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: kuɗin nan, zan neme su nan da shekara biyu? Fili ba ya zama kuɗi ranar da ka so. Zinare ka kai kasuwa da safe ka dawo da kuɗi da rana, amma fili yana iya yin wata shida a hannun dillalai, kuma da zarar sun gane kana cikin matsuwa, kai ne za ka zama wanda ake buga waya a kansa bayan la'asar. Jarin shago, kuɗin makarantar yara, kuɗin amana, duk kada su shiga ƙasa.

Wani abin da mutane ba sa son ji shi ne, tashin farashi da riba ba abu ɗaya ba ne. A ce mutum ya sayi fili naira miliyan 10 a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 750 a kasuwar canji ta Wapa a Kano. Ya sayar miliyan 18 a ƙarshen 2024, dala ta haura 1,600. Yana ta murna ya ci miliyan 8. In ka buga lissafin da dala, ya shiga da sama da 13,000, ya fito da abin da bai kai 11,500 ba. In ka buga da siminti ma haka, domin buhun da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023 ya kai wajen 10,000 a 2024. Ya dai fi wanda ya bar kuɗin a banki nesa ba kusa ba, amma ya san cewa tsira ya yi, riba tana gaba.

Mataki na biyu: ka san abin da doka ta ce kana saya

Tun 1978, lokacin mulkin soja na Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta ɗora duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, a matsayin amana ga jama'a. An kuma cusa dokar cikin kundin tsarin mulki, don haka sauya ta ba ƙaramin aiki ba ne. Ma'anar wannan a aikace: abin da ke hannunka izinin zama ne da amfani, wanda a satifiket ɗin gwamna, wato C of O, yawanci shekara 99 ne. Gwamna yana da ikon karɓe wurin saboda buƙatar jama'a, kamar titi ko asibiti, kuma diyyar da doka ta tanada ta abin da ka gina ne ko ka shuka a kai. Fili fetal ba shi da wata diyyar kirki. Mai ajiye fili shekara da shekaru babu ko bulo ɗaya ya kwana da sanin wannan.

Filayen da za a kawo maka, in ka tace su, kashi uku ne. Na farko filin gwamnati, wanda ma'aikatar ƙasa ta yanka, yana da lambar shimfiɗa, da lambar fuloti, da fayil. Na biyu gida ko gona ta asali, irin gidajen cikin birni da aka gada kaka da kakanni tun kafin 1978. Da yawansu ba su da satifiket, amma doka ta amince da haƙƙin masu su, kuma shaidarsu tana bakin maƙwabta da mai unguwa da takardun kotu. Na uku awon igiya: mai gona ya kira masu awo, a yayyanka ta ƙafa 50 da 50 ko 40 da 60, a bar lungu da ƙyar mota take wucewa, a sayar da takardar mai unguwa. Da yawa daga sababbin unguwannin Kano haka suka tashi, kuma mutane sun yi arziki da awon igiya, ba zan ce maka ka guje shi ba. Amma ka saye shi da farashinsa, kana sane cewa hukumar tsara birni ba ta san da shi ba, banki ba zai karɓe shi jingina ba, kuma ranar da aka zo fitar da titi babu mai tambayarka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Satifiket ɗin ma kansa kada ya rufe maka ido. Kotun Ƙoli ta sha yanke hukunci cewa satifiket ɗin da aka bayar a kan wurin da wani yake da halastaccen haƙƙi tun farko, takarda ce kawai. Sannan akwai darasin da Kano ta koya a watan Yunin 2023, lokacin da sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-ginen da aka yi a tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi. Masu wuraren suna riƙe da takardun da gwamnatin da ta gabata ta ba su. Ko wane ɓangare kake a siyasa, abin da mai jari zai ɗauka ɗaya ne: wurin da aka yanko daga makaranta, ko maƙabarta, ko filin idi, ko jikin badala, ko harabar asibiti, takardarsa tana iya mutuwa tare da gwamnatin da ta sa mata hannu.

Abuja kuma dokarta daban. A can ministan babban birnin tarayya ne kaɗai yake ba da fili. Takardar sarkin ƙauye ko ta wani shugaban ƙaramar hukuma ba ta ba ka komai a idon hukuma, kuma 'yan Arewa da yawa sun binne kuɗinsu a gefen Abuja a kan irin waɗannan takardun.

Mataki na uku: ka taka wurin da ƙafarka, ba sau ɗaya ba

Hoton WhatsApp cinikin biri a sama ne. Zuwan farko ka je da dillali ya nuna maka. Zuwa na biyu ka je kai kaɗai, ka ajiye mota nesa, ka zauna wurin mai shayi ko mai faci, ka yi sallar magariba a masallacin unguwar. Ka tambaya kamar mai neman haya: filin can na waye? An taɓa rigima a kansa? Ina ruwa yake bi in an yi sama? Abin da tsohon da ya shekara 30 a layin zai gaya maka a minti goma, babu fayil ɗin da yake ɗauke da shi.

In da hali, ka ga wurin da damina, a watan Agusta. Ni kaina a nan na sha kashi. Na taɓa sayen fili da rani, shafaffe, ƙasa ja kamar an share. Da muka zo haƙa tushe sai leda da tsumma da fasassun kwalabe suka riƙa fitowa, ƙafa bayan ƙafa. Ashe tsohon kududdufi ne da aka cike da bola aka rufe da jar ƙasa. Abin da tushen ginin ya ci ya kusa kuɗin filin, kuma kowa a layin ya sani, ni ne dai ban tambaya ba. Kududdufan nan da ake cikewa su ne ma'ajiyar ruwan unguwa tun asali, kuma ruwa ba ya manta hanyarsa. Wanda ya ga yadda Maiduguri ta kasance a Satumbar 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan kwari da tudu. Ka duba jikin katangun maƙwabta, layin da ruwa ya bari yana nan kamar zane.

Ka ɗaga kai kuma ka dubi sama. Babbar wayar lantarki mai ƙarfin 330kV tana da harami, wato tazarar da ba a gini a cikinta, na mita 25 kowane gefe, mai 132kV kuma mita 15. Titin gwamnatin tarayya yana da nasa haramin, wajen mita 45 daga tsakiyar kwalta. Haka layin dogo, haka bututun gas na AKK da ya taso daga Ajaokuta ya ratsa Kaduna zuwa Kano. Fili mai arahar da ta ba ka mamaki a kusa da ɗayan waɗannan, arahar tana da dalili.

Sai tambayar da take kawo riba: me zai jawo mutane nan? Gari yana bin titi, da makaranta, da kasuwa. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero a titin Gwarzo shi ya raya Rijiyar Zaki da Danbare da kewayensu, kamar yadda titunan bayan gari suka buɗe gonakin da a da babu mai kallonsu. Sai dai ka bambance aikin da ka ga katafila tana yi da aikin da aka faɗa a rediyo. "Za a kawo jami'a nan" ya sayar da filaye da yawa da har yau gero ake nomawa a cikinsu. Ka auna kuma ruwan sha: rijiyar burtsatsen maƙwabta mita nawa ta yi kafin ta ba da ruwa? Unguwar da sai an sayi ruwan 'yan garuwa duk shekara, hayarta ba ta tashi.

Mataki na huɗu: wa yake sayarwa, kuma yana da ikon sayarwa?

Nan ne gizo yake saƙa. Fili ba ya ƙarya, mutane ne suke yi.

Ka dage sai ka zauna da mai wurin ido da ido. Dillali ya ce maka mai shi yana Saudiyya, ko ba ya son a san yana sayarwa, ko "ni ne wuƙa ni ne nama", duk ka saurara, sannan ka ce kana jiran mai shi. Sunan da ke katin shaidarsa ya dace da sunan da ke takardar filin. In ba su dace ba, a nuna maka sarƙar cinikin gaba ɗaya: wane ya sayar wa wane, wane ya sayar wa wane, har a iso kansa, kowace gaɓa da takardarta. In wakili ne, a kawo takardar wakilci, ka kuma kira mai wurin ta bidiyo a gaban shaidu ya tabbatar da bakinsa.

Gidan gado ya fi kowanne daɗin farashi, ya kuma fi kowanne haɗari. Babban wa yakan tsaya ya ce ya yi magana da kowa. Kada ka ɗauka. Ka nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a, ka ƙirga magadan da kanka, ka tabbatar kowane baligi ya sa hannu, har matan da suke aure a wasu garuruwa da matan mamacin. Yawancin ƙarar da ake tayarwa bayan shekaru daga wajen 'yar'uwar da ba a tambaya ba take fitowa, ko daga yaron da yake goye lokacin cinikin ya girma ya tambayi ina rabonsa. In akwai marayu ƙanana a ciki, kotu ce za ta ba da izinin sayar da rabonsu, ba kawu ba.

Akwai kuma shuf'a, wadda masu saye da yawa ba su taɓa jin sunanta ba sai a gaban alƙali. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, in mutane sun yi tarayya a gida ko gonar da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin ya biya ka kuɗin da ka biya ya karɓe kason. Haƙƙin ba ya faɗuwa sai ya yafe, ko ya sani ya yi shiru har wajen shekara. Maƙwabci kawai ba shi da wannan haƙƙin a Malikiyya, na abokin tarayya ne. Saboda haka in kason wani za ka saya a cikin abin da ba a raba ba, sauran su rubuta cewa an yi musu tayi sun ce ba sa so.

Game da dillali: sana'a ce halastacciya, kuma nagari a cikinsu ya fi taswira amfani. Amma ka tuna cewa la'adarsa, wadda a yawancin wurare kashi 5 cikin 100 ce, ba ta fitowa sai an yi ciniki. Mutumin da abincinsa yake rataye da "na saya" ba shi ne zai ce maka kada ka saya ba. Ku yanke la'adar tun farko, ku san dillalai nawa ne a layin, domin ranar biya sukan fito kamar fara. Ka kuma tambayi mai wurin farashinsa da bakinsa, saboda ɗori da ake yi a tsakani wani lokacin ya fi la'adar.

Kamfanonin rukunin gidaje masu "biya kaɗan-kaɗan" su ma a nan suke. Rajistar kamfani a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ba shaidar mallakar fili ba ce. Ka nemi ganin satifiket ɗin babban filin da sunan kamfanin, da amincewar hukumar tsara birni, ka je ka ga rukunin da suka gama a baya, ka yi magana da waɗanda suka biya. Ƙofar shiga mai kyau da tutoci ba su da tsada.

Mataki na biyar: bincike a ma'aikata da awon safiyo

Ka ɗauki lauyanka, naka na kanka, ba wanda mai sayarwa ko dillali ya kawo ba. Zai rubuta neman bincike a hukumar da ke riƙe da bayanan filaye: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, NAGIS a Nasarawa. Abin da kake son sani: fayil ɗin yana nan? Sunan wa ke ciki yanzu? An jinginar da wurin a banki? An soke takardar? Akwai gargaɗin kotu a kai? Nawa ake bin sa harajin ƙasa? An ware wurin don zama ne, ko kasuwanci, ko noma? Ka karɓi amsar a rubuce da rasit ɗin gwamnati. "Na sa yarona a ciki ya duba, lafiya lau ne" ba bincike ba ne.

Daga nan sai safiyo mai lasisi ya zo da na'urarsa ya ɗauki lambobin kusurwa huɗu, a gwada su da taswirar da ke fayil. Wata tsohuwar dabara ita ce takarda ta gaskiya, fili na ƙarya: takardar fuloti mai lamba kaza ce can ciki kusa da rafi, amma wanda aka nuna maka na bakin titi ne. Safiyo ne kaɗai yake kama wannan. Shi zai gaya maka kuma ko ƙafa 100 ɗin da aka ce ta cika, ko maƙwabci ya ci ƙafa 7 da katangarsa. In gini za ka yi, ka leƙa hukumar tsara birni, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ka ji ko za su ba da izinin irin ginin da kake so a wurin. In kuma ginannen gida ne, ka zo da injiniya ko tsohon magini ya duba tsagewar bango, da rufi, da shadda, da wayoyin wuta. Sabon fenti a gidan sayarwa yakan zama lulluɓi.

Mataki na shida: lissafi da biro, ba da zuciya ba

A ce an kawo maka gida mai sassa 4 a kan naira miliyan 80, kowane sashe ana hayarsa 900,000 a shekara. Dillali zai ce maka miliyan 3 da 600,000 kenan duk shekara kana kwance. To zauna ka rage. Sashe ɗaya ya yi wata 4 babu kowa: 300,000 ta tafi. Gyaran famfo, yoyon rufi, kwashe shadda, injin rijiya: a ce 400,000. Mai kula da gidan ya ɗauki kashi 10 na abin da ya karɓo: 330,000. Harajin ƙasa da 'yan kunji-kunji: 70,000. Saura miliyan 2 da rabi. Kuɗin da ka kashe kuma ba miliyan 80 ba ne, domin la'ada da lauya da safiyo da kuɗin gwamnati da fenti za su iya kai shi 88. Ka raba, za ka ga gidan yana ba ka ƙasa da kashi 3 cikin 100 a shekara, wato sai ya shekara 35 kafin haya ta dawo da kuɗinka. Wannan a ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024.

Ba ina cewa gidan haya asara ba ne, domin ƙasar da yake kai tana tashi. Amma lissafin yana nuna maka inda ribar take, ya kuma ba ka bakin yin tayi. Sau da yawa ƙananan ɗakuna kusa da jami'a, ko shaguna a bakin titi mai mutane, sun fi katafaren gida mai tayil kawo haya a kan kowace naira da aka zuba. Gidan da ya burge ka kai, mai yiwuwa ya fi ƙarfin aljihun masu hayar unguwar.

Wajen gano farashi, kada ka tambayi nawa ake sa wa filaye suna a layin, ka tambayi nawa aka sayar da na ƙarshe, yaushe. Ciniki uku da aka kammala sun fi bakin dillalai goma.

In bashi za ka haɗa da shi, ka san cewa ruwan bankunan kasuwanci ya ninka abin da haya take kawowa sau da yawa, ban da maganar haramcinsa. Ma'aikacin da ake cire masa kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa zuwa asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana iya neman rancen Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, amma wannan don gidan zama aka yi shi. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ, suna da tsarin murabaha, wato banki ya saya ya sayar maka da riba, da ijara, wato ya saya ya ba ka haya. Su ma ka karɓi jimillar abin da za ka biya a rubuce ka gwada da hayar.

Mataki na bakwai: ranar biya

Ta banki za ka biya, zuwa asusun da yake ɗauke da sunan mai wurin, ka rubuta dalilin biyan a jikin turawar. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biyan tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba. In magada ne, ko dai kowa a tura masa kasonsa, ko su rubuta asusun da suka amince da shi, kowa ya sa hannu.

Kuɗi da takardun asali su yi musaya a zama ɗaya. Lauya ya rubuta yarjejeniyar sayarwa da cikakken kwatancen wurin da lambobin safiyo, mai sayarwa ya sa hannu ya dangwala yatsa, shaidu daga ɓangarorin biyu, mai unguwa da maƙwabtan iyaka in awon igiya ne ko gidan asali. A ɗauki hoto da bidiyo. In sai an ba da kafin alƙalami kafin a gama bincike, ya zama kaɗan, a kuma rubuta cewa za a dawo da shi in bincike ya nuna matsala.

Sai abin da mutane da yawa suke tsallakewa don gudun kashe kuɗi: amincewar gwamna. Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce ba a sauya hannun fili mai satifiket sai da izinin gwamna, kuma tun shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta nuna cewa cinikin da babu wannan izinin yana iya rushewa. Matuƙar ba ka kai takardarka an buga mata hatimi an yi mata rajista ba, sunan tsohon mai wurin ne a fayil, kuma marar tsoron Allah yana iya rantsuwa cewa takardarsa ta ɓata, ya karɓi wata, ya sake sayarwa. Ka sa kuɗin rajistar cikin farashin tun farko.

Mataki na takwas: bayan ya zama naka

Cikin makon farko ka kafa alama. Katanga in da hali, in babu ko layi uku na bulo a kewaye da ɗan ɗaki a kusurwa. Ka gabatar da kanka wurin mai unguwa da maƙwabta, ka bar lambar waya. In za ka ba wani ya noma ko ya zauna gadi, a rubuta cewa aro ne, a riƙa sabuntawa. Dalili shi ne hauzi: a fiƙihun Malikiyya, wanda ba danginka ba in ya shekara 10 yana riƙe da wuri, yana gini yana rushewa kamar nasa, kana gari kana gani ba ka yi magana ba kuma babu abin da ya hana ka, alƙali yana iya ƙin sauraron da'awarka. Takardar aro ita take karya wannan.

Harajin ƙasa na shekara-shekara kaɗan ne, shi ya sa ake manta shi. A watan Maris na 2025 hukumar Abuja ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda an shekara 10 ko fiye ba a biya ba. Ka biya, ka adana rasit.

Ɗan haya kuma ka zaɓe shi kamar yadda ka zaɓi filin: ina yake aiki, me ya fitar da shi daga inda yake, wa zai tsaya masa. A rubuta yarjejeniya ko da ɗan'uwa ne, musamman ma in ɗan'uwa ne. Fitar da mai hayar shekara yana buƙatar sanarwar wata 6 in ba a rubuta wani wa'adi daban ba, sannan ta kwana 7, sannan kotu. Cire masa ƙofa ko kwance rufi kai zai mayar mai laifi. Zakka ma tana da bayani: kuɗin haya suna shiga lissafin dukiyarka, filin da aka saya da niyyar jiran kasuwa kuma Malikiyya suna cewa a fitar masa ta shekara ɗaya ranar da aka sayar. Ka zauna da malaminka a kan naka yanayin.

Waɗanda suke aike daga waje, daga Jidda ko Landan ko Legas, da matan da suke ba miji ko wa kuɗi ya saya musu: takarda ta fito da sunan mai kuɗin. Kunya ce take sa a ce "ai duk ɗaya ne", kuma ranar rabon gado abin da aka rubuta shi alƙali zai karanta. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka ajiye a waya da imel, asalin kuma a wurin da gobara da gara ba za su kai ba. Sannan ka samu littafi guda ka rubuta kowane wuri: unguwa, lambar fuloti, wanda ya sayar maka, shaidu, wanda yake gadi, da ko akwai kuɗin wani a ciki. Ka ɗauki babban ɗanka ko matarka a mota, ka kai su har wurin, su ga kusurwa huɗun da idonsu, su gaisa da mai unguwa.